Kamfanin Kokawa na TNA: Bunƙasa da Faɗi-Tashin Ƙaramin Kamfani a Inuwar WWE, 2002 zuwa 2025

A watan Maris na 2001 kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a shekarar da ta biyo baya, ya sayi babban abokin hamayyarsa WCW. Wata guda bayan haka kamfanin ECW ya je gaban kotu ya bayyana karayar arzikinsa. Cikin 'yan makonni kasuwar kokawar reslin ta Amurka, wadda kamfanoni uku ke damawa a cikinta, ta koma hannun mutum ɗaya, Vince McMahon. 'Yan kokawa da yawa suka wayi gari ba wurin aiki, miliyoyin mutanen da suka saba kallon WCW kuma suka rasa abin da za su kalla. Domin cike wannan gurbi ne aka kafa Total Nonstop Action Wrestling, wato TNA, a shekarar 2002.

Cuta ɗaya ce ta kashe WCW da ECW. ECW ya rasa gurbinsa a tashar TNN a 2000, bai kuma samun wata tasha ba. WCW kuwa, duk da asarar da yake tafkawa, akwai masu zawarcinsa, har ranar da shugabannin tashoshin Turner suka soke shirye-shiryensa. Daga nan darajarsa ta zube, McMahon ya ɗauke shi da araha. Wannan takarda tana bin tarihin TNA ne ta wannan fuska. Abin da za ta nuna shi ne, rayuwar ƙaramin kamfanin kokawa ta dogara da abubuwa uku: uban gida mai ɗaukar asara, tashar da za ta nuna shi, da wani abu nasa na kansa wanda babban kamfani ba ya bayarwa. TNA ya samu ukun a lokaci guda na 'yan shekaru, sannan ya yi sakaci da na ukun, na biyun ya suɓuce masa, na farkon ya gaji.

Yadda sana'ar take

Reslin ya bambanta da kokawar gargajiya irin wadda ake yi don neman takobi a Jamhuriyar Nijar, inda babu wanda ya san wanda zai sha ƙasa sai an busa. A reslin kamfani ne ke tsara wanda zai yi nasara tun kafin a hau dandamali, kuma masu kallo sun san da haka. Faɗuwar da ake yi da karayar da ake samu kuwa na gaske ne. Hajar da kamfani ke sayarwa ita ce labari: wane ne jarumi, wane ne mugu, me ya haɗa su, yaushe za a raba gardama. Saboda haka kamfanin kokawa ya fi kama da masana'antar shirya fim mai dogon zango da ba ta zuwa hutu, wadda 'yan wasanta ke yin aikin haɗari da jikinsu.

Hanyoyin shigar kuɗi huɗu ne: kuɗin ƙofa, kuɗin da tasha ke biya don nuna shiri, manyan wasannin biya-ka-kalla da mutum ke saya daga gidansa ta kebul ko tauraron ɗan'adam, sai cinikin riguna da faifai da makamantansu. Shirin mako-mako na talabijin shi ne uwar sauran, domin a nan ake gina taurari da rigingimun da za su sa mutum ya ciro kuɗi. 'Yan kokawa a Amurka galibi ba ma'aikatan dindindin ba ne, 'yan kwantiragi ne, kuma ba su da ƙungiyar ƙwadago. WWE ya shiga kasuwar hannun jari a 1999, don haka ana ganin lissafinsa a fili. TNA kamfani ne mai zaman kansa da ba ya wallafa nasa, shi ya sa alƙaluman cinikinsa da ke yawo duk ƙiyasin 'yan jarida ne.

Kafuwa ba tare da tasha ba

Jeff Jarrett, tsohon zakaran WCW, da mahaifinsa Jerry Jarrett, wanda ya daɗe yana shirya kokawa a yankin Memphis, su ne suka kafa kamfanin. Da yake babu tashar da ke son reslin a lokacin in ba na McMahon ba, sai suka ɓullo da wata dabara: a tsallake talabijin na kyauta gaba ɗaya, a riƙa sayar da wasa kowace Laraba ta hanyar biya-ka-kalla a kan dala 9.95. Suka kuma ƙulla alaƙa da NWA, tsohuwar ƙungiyar masu shirya kokawa da aka kafa a 1948, domin su yi amfani da kambunta mai tarihi. An yi wasan farko ranar 19 ga Yuni 2002 a Huntsville ta jihar Alabama. Ana dab da fara watsawa, wani ƙaton ɗan kokawa ya faɗa kan igiyar dandamali a wasan share fage, igiyar ta tsinke, sai da aka sauya tsarin shirin aka cika farkonsa da jawabai kafin a gama gyara. A daren ne Ken Shamrock ya ɗauki kambun NWA.

Dabarar tana da rauni a gindinta. Ana neman mutum ya biya kusan dala 40 a wata don kallon 'yan wasan da babu inda ake tallata su. Bayan 'yan makonni aka daina yawo gari-gari, aka tare a wani ƙaramin zaure a filin baje koli na Nashville. Sannan kamfanin HealthSouth, wanda ta wajensa jarin farko ya fito, ya janye saboda binciken da aka soma yi masa kan lissafin kuɗi. Da abin ya tsaya haka, TNA ba zai ga ƙarshen 2002 ba. Dixie Carter, wadda ke yi wa kamfanin aikin talla da hulɗa da jama'a, ita ta kai maganar ga mahaifinta Bob Carter, mai kamfanin makamashi na Panda Energy a jihar Texas. A watan Oktoba Panda ya sayi fiye da kashi 70 cikin 100 na TNA, a 2003 kuma Dixie Carter ta zama shugabar kamfanin. An samu uban gida. Sai dai daga ranar, mai yanke hukunci na ƙarshe ba 'yar sana'ar ba ce, dole ta dogara da shawarar duk wanda ya fi kusa da kunnenta, kuma wannan ya yi tasiri a kusan duk abin da ya biyo baya.

Abin da TNA ya zo da shi

Gudummawar TNA ta gaskiya ga sana'ar ita ce Rukunin X. A al'adar WWE ta wancan zamani, ƙato mai faɗin ƙirji shi ne tauraro, ƙananan 'yan wasa masu tsalle-tsalle kuwa na buɗe fage ne. TNA ya ware musu kambu nasu, bai sa iyakar nauyi ba, ya ba su lokaci isasshe, wani lokaci har da babban wasan dare. AJ Styles, ɗan jihar Georgia wanda ya ɗan leƙa WCW a watanninsa na ƙarshe, shi ne zakaran farko. Tare da shi akwai Jerry Lynn, Low Ki, Christopher Daniels, Chris Sabin, Petey Williams, daga baya kuma Samoa Joe, wanda nauyinsa ya zarce na abokan karawarsa nesa ba kusa ba amma yake gudu da tsalle kamar su. Salon nasu haɗin gambiza ne na kokawar Meziko da ta Japan da ta ƙananan zaurukan Amurka, kuma yawancin masu kallon talabijin ba su taɓa ganin irinsa ba.

A 2003 aka ƙirƙiro wasan Ultimate X. Ana kafa turaku huɗu na ƙarfe kewaye da dandamali, a ja wayoyi biyu masu kauri su gitta juna a sama, a rataye ɗamarar kambu a mahaɗarsu. Babu tsani. Mai son ɗamara sai ya hau turke, ya kama waya da hannu biyu, ya riƙa jan jiki yana lilo a sama da kawunan jama'a, abokan hamayya kuma na tsalle daga igiya suna ƙoƙarin fizgo shi. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai rikita shi da shirin WWE ba, kuma amfanin abin ke nan. Haka ma dandamali mai kusurwa shida, wanda aka aro daga kamfanin AAA na Meziko a 2004. Wasu 'yan kokawa sun koka cewa ya fi tauri ga jiki, amma mai sauya tasha da ya faɗo kansa zai san nan take cewa wani gida ne daban. Ƙololuwar wannan salo ita ce karawar mutum uku tsakanin Styles da Daniels da Joe a wasan Unbreakable na Satumbar 2005, wadda ɗan jarida Dave Meltzer ya ba taurari biyar, makin da ba kasafai yake ba wasan Amurka ba a lokacin.

Abu na biyu shi ne kokawar mata. A Oktobar 2007 aka kafa kambun mata, waɗanda kamfanin ke kira Knockouts, Gail Kim ta fara ɗauka. Rigimarta da Awesome Kong, mace mai girman jiki da ban tsoro, an tsara ta kamar yadda ake tsara ta maza, da duka na sosai da labari mai ma'ana, har ta zama babban wasan shirin a farkon 2008. A wannan lokaci wasan mata a WWE 'yan mintoci ne, kuma kyan fuska aka fi dubawa. TNA ya riga babban kamfanin da shekaru wajen nuna cewa jama'a za su zauna su kalli mata suna kokawa ta gaske. Abin takaicin shi ne ladan bai kai aikin ba. Ɗaya daga cikin zakarun ta bayyana daga baya cewa tana riƙe da kambu tana kuma aikin sayar da tabarau a wani kanti don ta riƙe kanta.

Orlando da tashar Spike

A Yunin 2004 TNA ya fara shirin mako-mako mai suna Impact a tashar Fox Sports Net, da rana ranar Juma'a, kuma shi ke biyan tashar kuɗin lokaci. A Satumba aka rufe babin wasannin Laraba bayan an yi fiye da 100, a Nuwamba aka koma tsarin babban wasa ɗaya a wata. Ana ɗaukar shirin a wani ɗakin ɗaukar fim na wurin shaƙatawa na Universal Studios da ke Orlando, wanda aka raɗa wa Impact Zone.

Wannan zaure ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya rufa wa kamfanin asiri ya kuma daƙile shi. Babu kuɗin hayar manyan filaye, babu jigilar fitilu da kyamarori daga gari zuwa gari, ana iya ɗaukar shirin makonni biyu ko fiye a zama ɗaya. Amma shiga kyauta ce. Jama'ar da ke ciki kashi biyu ne: 'yan gari da ke zuwa kullum har sun haddace komai, da 'yan yawon buɗe ido da suka gaji da zafin rana suka shigo shan sanyi, ba su san sunan kowa ba. Har manyan wasannin wata-wata a nan aka riƙa yin su, sai a Oktobar 2006 aka fara fita da ɗaya waje. Kuɗin ƙofa ba kuɗi kawai ba ne a wannan sana'a, shi ne ma'aunin da ke gaya wa mai shiri wane tauraro ne jama'a za su buɗe aljihu dominsa. TNA ya shafe shekarun girmansa ba shi da wannan ma'auni.

Da yarjejeniyar Fox ta ƙare a Mayun 2005, shirin ya yi watanni ana nuna shi a intanet. Sai sa'a ta zo: WWE ya kwashe shirinsa na Raw daga tashar Spike ya mayar USA Network, Spike kuma, mai neman matasa maza, ta buɗe wa TNA ƙofa ranar 1 ga Oktoba 2005. An fara da daren Asabar can cikin dare, aka koma Alhamis a 2006, aka ƙara zuwa awa biyu a Oktobar 2007. Masu kallo suka haura miliyan ɗaya a mako. Manyan sunaye suka fara shigowa: Christian Cage a ƙarshen 2005, Sting a farkon 2006, sai Kurt Angle, mai lambar zinare ta Olamfik ta 1996, a Satumbar 2006. Zuwan Angle misali ne na yadda ɗauko tauraro daga waje ke amfani, domin yana kan ganiyarsa, kuma da zuwansa aka haɗa shi da Samoa Joe, ɗan gida wanda ba a taɓa kayarwa ba. Sunan baƙo ya jawo ido, idon ya sauka kan ɗan gida. A 2007 TNA ya rabu da NWA ya kafa kambunsa, Angle ya fara riƙewa, a Afrilun 2008 kuma Joe ya karɓe shi daga hannunsa.

Duk da haka akwai ɓaraka da ta ƙi toshuwa. Mutum miliyan suna kallon shirin kyauta, amma masu sayen babban wasa, bisa ƙiyasin masu bin harkar, dubun-dubata ne kawai, alhali na WWE dubban ɗaruruwa ne. Masu sharhi da yawa sun ɗora laifin a kan salon rubutun labarin, musamman bayan dawowar marubuci Vince Russo a 2006: wasanni masu dokoki masu rikitarwa, katsalandan a kusan kowace karawa, jarumi ya zama mugu yau ya koma jarumi jibi. In mai kallo ya saba ganin ba a raba gardama, ba zai biya kuɗi don ganin an raba ta ba.

Zuwan Hogan

A Oktobar 2009 aka sanar da cewa Hulk Hogan da Eric Bischoff, mutanen da suka kai WCW ƙololuwa a shekarun 1990, sun shiga TNA. Tunanin shugabannin shi ne da tsohuwar zuma ake magani: babu sunan da duniya ta sani a reslin kamar na Hogan, har waɗanda ba su taɓa kallon wasa ɗaya ba. Ranar Litinin 4 ga Janairu 2010 aka watsa shiri na awa uku kai tsaye, a daidai lokacin da WWE ke nuna Raw. Kimanin mutum miliyan 2.2 suka kalla, adadi mafi yawa a tarihin kamfanin. WWE ya mayar da martani da dawo da tsohon tauraronsa Bret Hart bayan shekaru 12, ya samu fiye da miliyan 5.

Abin da sababbin masu kallo suka tarar shi ne matsalar. Hogan yana da shekara 56, bayansa ya sha tiyata. Ric Flair, wanda shi ma ya shigo a lokacin, ya kai 60. Tare da su aka shigo da Scott Hall da Sean Waltman da Nasty Boys da wasu tsofaffin abokai. Cikin wannan watan aka cire dandamali mai kusurwa shida aka dawo da mai huɗu, jama'ar zauren suna ihun a mayar musu da abinsu. AJ Styles, wanda ke riƙe da kambun duniya, aka sa masa alkyabba mai walƙiya aka mai da shi ɗan kwaikwayon Flair, a Afrilu kuma ya miƙa kambun ga Rob Van Dam, wanda bai fi wata guda da 'yan kwanaki da zuwa ba. Rukunin X ya koma gefe. Daga 8 ga Maris shirin ya tare a ranar Litinin gaba da gaba da Raw, masu kallo suka zube, kafin tsakiyar Mayu aka koma Alhamis. Kamfanin ya ɗauki nauyin albashi mai tsada, ya zubar da abin da ya bambanta shi, adadin masu kallo kuma ya koma inda yake tun farko.

A Maris na 2011 aka yi abin da ya fi zubar da mutuncin kamfanin. A babban wasan Victory Road, Jeff Hardy ya fito cikin yanayin da bai dace a bar shi ya hau dandamali ba, aka umarci Sting ya gama da shi, wasan bai kai minti biyu ba. Kamfanin ya ba waɗanda suka saya damar kallon rumbun tsofaffin wasanninsa kyauta na wata shida a matsayin ban haƙuri. Tambayar da ta dace a nan ta shugabanci ce: wa ya bari ya fito?

Adalci ne a ce shekarun ba duka ba ne suka lalace. Tsakanin 2011 da 2012 'yan gida irin su James Storm da Bobby Roode da Austin Aries sun riƙe kambun duniya, shirin ya yi armashi. A Birtaniya TNA ya yi farin jini na musamman, domin daga 2011 tashar Challenge ta kyauta ke nuna shi alhali WWE yana tashar Sky ta biyan kuɗi, kuma rangadin da yake yi can kowane farkon shekara yakan tara dubban mutane a Landan da Manchester da Glasgow, jama'ar da ba ya samu a gida. Amma wajen gane haziƙai an yi asara mai yawa. Kazuchika Okada, wanda kamfanin New Japan ya turo neman gogewa a 2010, an ba shi matsayin ɗan rakiyar Samoa Joe da abin rufe ido. Ya koma gida, a Fabrairun 2012 ya ɗauki babban kambun Japan, ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan kokawar zamaninsa. 'Yan'uwan nan biyu da aka sani da Young Bucks sun bar TNA a 2011 ba a yi komai da su ba, su ne kuma daga baya suka kasance cikin waɗanda suka kafa kamfanin kokawa na AEW.

Shekarun tsanani

A 2013 aka yanke shawarar barin Orlando a riƙa ɗaukar shiri gari-gari, aka kuma rage manyan wasannin kai tsaye daga 12 zuwa 4. Shawarar fita daidai ce, amma ta zo a makare kuma da tsada. Wasan Lockdown a San Antonio ya tara kimanin mutum 7,000, sauran garuruwa kuwa ba su biya kuɗin tafiya ba. Kafin shekarar ta ƙare an koma Orlando. Hogan ya tafi a Oktoba. Jeff Jarrett ya yi murabus a Disamba. AJ Styles, bayan shekara 11, ya ce an nemi zaftare masa albashi, shi ma ya kama gabansa. Cikin 'yan watanni ya zama zakaran New Japan, a Janairun 2016 ya shiga WWE, a Satumbar shekarar ya ɗauki kambunsa. Sting ya bi a 2014, Samoa Joe a 2015, Roode da Eric Young a 2016.

Babban bugun shi ne rabuwa da Spike a ƙarshen 2014, domin kuɗin tashar ne ke riƙe da kamfanin. Aka koma Destination America a 2015, tashar da ba ta shiga gidaje da yawa, masu kallo suka ragu zuwa ƙasa da rabi. Wata shida ba a yi ba tashar ta ɗauko shirin wani kamfanin kokawa, Ring of Honor, ta sa shi dab da na TNA a dare ɗaya. A 2016 aka koma Pop TV, inda rahotanni suka nuna rabon kuɗin talla ake yi maimakon biya tsayayye. A wannan lokaci hannun jarin Panda ya riga ya koma hannun Dixie Carter, babu sauran aljihun makamashi a baya. Labarin jinkirin biyan 'yan kokawa da ma'aikatan ɗaukar shiri ya yawaita, kowane zaman ɗauka sai an nemo wanda zai ba da rance.

Cikin masu ba da rancen akwai Billy Corgan, mawaƙin ƙungiyar Smashing Pumpkins, wanda ya shigo a 2015 ya zama shugaban kamfanin a Agustan 2016. A Oktoba ya maka kamfanin a kotu a Nashville yana cewa ya tsiyace, don haka bisa yarjejeniyar rance iko ya dawo hannunsa. Kotu ba ta ba shi umarnin da ya nema ba. Abin lura shi ne, a cikin wannan hali ne TNA ya sake fitar da abu nasa na kansa: Matt Hardy ya ƙirƙiro wani hali na tababbe, aka ɗauki wasansa da ƙanensa Jeff a gidansu kamar fim, aka nuna a Yulin 2016, ya karaɗe intanet. Talauci ya tilasta a bar ɗan wasa ya gwada tunaninsa. Wata tara bayan haka 'yan'uwan biyu suna WrestleMania, babban wasan WWE na shekara, a matsayin 'yan WWE.

Mai kamfani ya sayi tasha

Kamfanin Anthem Sports & Entertainment na ƙasar Kanada, mai tashar Fight Network, ya biya Corgan kuɗinsa, a Janairun 2017 ya karɓi mafi yawan hannun jari, zamanin Dixie Carter ya ƙare. Shekarar farko rikici ce: aka sauya suna zuwa Impact Wrestling, aka dawo da Jarrett, aka fara amfani da sunan kamfaninsa Global Force Wrestling, kafin ƙarshen Oktoba an rabu. Natsuwa ta zo da Scott D'Amore da Don Callis, waɗanda suka karɓi ragamar gudanarwa a farkon 2018. Tsarinsu na tsuke bakin aljihu ne: ƙananan zauruka da ake sayar da tikiti, gajerun kwantiragi, barin 'yan wasa su yi aiki a wasu wurare, haɗin gwiwa da kamfanonin Meziko da Japan, da cin moriyar rumbun faifan shekaru ta hanyar YouTube da manhajar biyan kuɗi da tashoshin ƙetare.

Matsalar tasha ba ta warware ba sai da aka bi ta wata hanya. A farkon 2019 shirin ya faɗa Pursuit, ƙaramar tashar farauta da kamun kifi, a daidai shekarar da Tony Khan, ɗan attajiri Shahid Khan, ya kafa AEW ya samu gurbi a tashar TNT, ya ƙwace matsayi na biyu da TNA ya riƙe shekara da shekaru. A Satumbar 2019 Anthem ya sayi mafi yawan hannun jarin tashar AXS TV, a Oktoba ya mayar da shirin can. A lokacin masu kallo ba su da yawa, amma a karon farko babu wani shugaban tasha daga waje da zai tashi da safe ya soke shirin. Uban gida da tasha sun zama abu ɗaya.

Daga nan kamfanin ya daina neman karawa da manya, ya koma neman zama da su. A Afrilun 2021 Kenny Omega na AEW ya ɗauki kambun Impact. A 2022 Mickie James ta shiga wasan Royal Rumble na WWE ɗauke da ɗamarar Knockouts, Jordynne Grace ta maimaita a 2024. A Janairun 2024 aka dawo da sunan TNA, wata guda bayan haka Anthem ya sallami D'Amore, matakin da ya girgiza 'yan wasan. A Janairun 2025 aka sanar da yarjejeniyar shekaru tsakanin TNA da WWE ta musayar 'yan kokawa, musamman da NXT, reshen WWE na renon matasa.

Ribar wannan a fili take. 'Yan TNA sun samu idon miliyoyi, zaurukansa sun fara cika, a Afrilun 2025 zakaransa Joe Hendry ya hau dandamalin WrestleMania. Farashin ma a fili yake. Randy Orton na WWE ya kayar da Hendry a wannan dare cikin 'yan mintoci. Jordynne Grace, wadda TNA ya gina, ta sa hannu da WWE a farkon shekarar. A watan Mayu kuma Trick Williams, ɗan kwantiragin WWE, ya karɓe kambun duniya na TNA daga hannun Hendry a wasan NXT, ya riƙe shi watanni yana fita da shi a shirye-shiryen kamfanonin biyu.